Wa ya riƙe kuɗin? Muhawara kan tarken adabi da bunƙasar tattalin arziki

Hauwa'u:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Ina da damuwa, ina so ku taya ni dubawa. Ina digiri na biyu a sashen Ingilishi, makon jiya na gabatar da batun kundina gaban malamai. Na ce zan nazarci yadda ƙagaggun labaran Ingila na ƙarni na 19 suka kalli arzikin masana'antu, sannan in ɗauki wannan idon in karanta takardun manufofin tattalin arziki da shi. Wani malami ya ce wannan ba aikin ɗan adabi ba ne, in tattalin arziki nake so in koma sashensu. Na fito jikina a sanyaye.

Ga abin da ya ja ni tun farko. A littafin Charles Dickens mai suna Hard Times, na 1854, akwai wata yarinya, Sissy Jupe, 'yar mai wasan barkwanci. Malaminsu ya ce da ita, a ɗauka ajin nan ƙasa ce, a cikinta akwai kuɗi miliyan 50, ashe ƙasar ba ta yi arziki ba? Yarinyar ta ce ba za ta iya sani ba sai ta san wa ya riƙe kuɗin, kuma ko akwai nata a ciki. Aka nuna mata ta yi kuskure, don wannan ba ya cikin lissafi. Ranar da na karanta wurin nan ina cikin adaidaita sahu, mai mashin ɗin yana gaya wa na gefensa cewa rediyo ta ce tattalin arziki ya ƙaru, shi kuwa rabin abin da ya samu a gidan mai ya bar shi. Shin na yi kuskure da na ga batu ɗaya ne?

Dr. Bashir:
Wa alaikumus salam Malama Hauwa'u. Ba ki yi kuskure ba, amma kada ki ɗauka masana tattalin arziki ba su san tambayar yarinyar nan ba. Simon Kuznets, wanda ya shirya wa majalisar Amurka lissafin kuɗin shigar ƙasa a 1934, a cikin rahoton nan nasa ya gargaɗe su cewa da wuya a gane jin daɗin jama'a daga wannan adadin. Muna da ma'aunan rabon arziki, muna da binciken gida-gida. Tambayar tana cikin lissafi yanzu.

Inda nake da ja shi ne wani wuri daban. Rigimarki tsohuwa ce, an yi ta a jami'ar Kambirij ta Ingila. A 1959 C. P. Snow, masanin kimiyya ne kuma yana rubuta labarai, ya yi lacca kan al'adu biyu, ta 'yan kimiyya da ta 'yan adabi. Mutane suna tuna ya ce ɓangarorin ba sa jin yaren juna, amma sun manta zargi mafi nauyi. Ya ce 'yan adabi jikokin masu fasa injina ne, wato masaƙan Ingila da suka riƙa farfasa injinan saƙa daga 1811. Ya ce masana'antu ne kaɗai fatan talaka, kuma mai ƙoshi ne yake iya ƙyamar hayaƙin masana'anta. A 1962 F. R. Leavis, babban matarkin adabin Ingilishi na lokacin, wato mai nazari da sharhin adabi, ya mayar masa da martani mai zafi, har da cin mutunci. Ni a wannan rigima ina bayan Snow. Dickens ya iya sa ki kuka, amma bai bar wa kowa dabarar fitar da mutum ɗaya daga talauci ba.

Malam Ɗanjuma:
Dakta ya faɗi gaskiya. Ni mahaifina masaƙa ya yi wa aiki a Kakuri. Lokacin da injina ke juyawa muna cin abinci sau uku, ana biya mana kuɗin makaranta, Kaduna ta kudu ba ta barci saboda masu aikin dare. Da suka tsaya, na ga dattawa masu iyali suna acaɓa. A ba mu hayaƙin, mun yarda.

Farfesa Binta:
Ɗanjuma, Allah ya jiƙan mahaifinka in ya rasu, in yana raye Allah ya ƙara masa lafiya. Babu mai hankalin da zai yi jayayya da abin da ka gani.

Bashir, ka kawo rigimar daidai, kuma ni ma ban ji daɗin yadda Leavis ya yi maganarsa ba, zafin ya rufe hujjar. Amma ka bar wani yanki na laccar Snow. Ya ce tazarar da ke tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta ba za ta kai shekara ta 2000 ba. Yana da tabbaci, don a ganinsa abin jari ne da injiniyoyi, a tura su, magana ta ƙare. Mun wuce 2000 da shekaru fiye da ashirin. Me ya sa mai kimiyya ya yi wannan kuskure? Don labari yake bayarwa bai sani ba. Labarin da tauraronsa ƙwararre ne daga waje, sauran mutane kuwa fili ne da za a yi aiki a kansa.

Dubi littafin W. W. Rostow na 1960 da ya jera matakai 5 na bunƙasa. Mataki na uku ya kira shi da kalmar tashin jirgin sama. Wannan siffantawa ce, irin wadda muke koya wa 'yan aji ɗaya su gano a waƙa. Da zarar ka yarda ƙasa jirgi ce, ka yarda titi ɗaya ne, matuƙi ɗaya ne, sauran jama'a fasinjoji ne da aikinsu su ɗaura ɗamara su yi shiru. Kuma a bangon littafin ya rubuta cewa sanarwa ce ta waɗanda ba 'yan gurguzu ba, ka ga ashe da abokin faɗa a zuciyarsa. Ministoci nawa a Afirka suka tsara shirin raya ƙasa da hoton jirgin nan a kansu? Wanda ya koyi tarke shi ne zai tsaya ya ce, a dakata, wa ya ce jirgi ne?

Hauwa'u 'yata, abin da kike son yi yana da iyaye. Deirdre McCloskey masaniyar tattalin arziki ce, ba 'yar adabi ba, a 1985 ta fitar da littafi sukutum kan balagar masana tattalin arziki, tana nuna yadda suke shawo kan juna da misali da siffantawa da labari, ba da lissafi kaɗai ba. Ki kai wa malamin nan wannan.

Dr. Bashir:
Allah ya ƙara wa Farfesa lafiya. Na karɓi batun Rostow, mu ma mun daɗe da ajiye shi. Amma Snow bai faɗi gaba ɗaya ba. Koriya ta Kudu ta rufe tazarar. Bankin Duniya ya ce kusan mutum miliyan 800 suka fita daga matsanancin talauci a Sin cikin shekara 40. Da masana'antu aka yi, ba da tarke ba.

Farfesa Binta:
Haka ne. Sai dai ka tambayi kanka me ya sa labarin Koriya ake ba da shi iri biyu. Wasu su ce kasuwa aka sake, wasu su ce gwamnati ce ta riƙe bankuna ta zaɓi masana'antun da za ta goya. Alƙaluman ɗaya ne, masu ba da labarin ne biyu. Wanda aka kawo mana a 1986 na farkon ne.

Alhaji Sabo Kwari:
Ni ba ɗan boko ba ne sosai, yarona ne ya sa ni cikin zauren nan, amma 1986 a gabana aka yi. A 1985 gwamnati ta ce jama'a su yi muhawara, a karɓi bashin IMF, asusun ba da lamuni na duniya, ko kada a karɓa. Kowa ya ce a'a, malamai, 'yan ƙwadago, 'yan kasuwa. Aka ce an ji, ba za a karɓa ba. Shekara na zagayowa aka kawo SAP, shirin gyaran tattalin arziki, aka ce namu ne na gida. Sharuɗɗan da muka ƙi su ne a ciki, an sake musu riga. Naira ta faɗi, dilar atamfa da nake saya ta fi ƙarfina. To Malama Farfesa, in karatunku yana koya wa yaro ya gane an sake wa abu riga, wallahi yana da amfani.

Mushe Isufu, Maraɗi:
Sallama gare ku 'yan'uwa na Najeriya. Mu namu ya zo a Janairun 1994. Muka kwana faran ɗin Faransa ɗaya sefa 50 ne, muka tashi ya zama 100. A takardun hukuma da faransanci kalmar da aka riƙa amfani da ita tana nufin daidaitawa, kamar tela ya rage wa riga tsawo. Ni lokacin ina sabon malamin lakwal, albashina bai motsa ba, maganin da nake saya wa tsohuwata ya ninka. Masana sun ce abin ya taimaki masu fitar da dabbobi da albasa, kuma ban musa ba, na san Abzinawa da Adarawa da suka samu. Amma kalmar ba ta da wurin da tsohuwata za ta zauna a ciki.

Wani abu kuma da nake so Malama Hauwa'u ta lura. Talakawa ma suna tarke, da suna suke yi. Yunwar 1984 a nan mutane suka sa mata sunan shugaban Najeriya na lokacin, don an rufe iyaka hatsi ya daina shigowa. Rahoto zai ce fari ne. Mutanen ƙauye da suna guda suka ce fari da siyasa.

Zainab Planning:
Ina aiki a ofishin tsare-tsare na wata jiha, ba zan faɗi wacce ba. Bari in gaya muku yadda takardun nan ke fitowa, don Hauwa'u ta san abin da za ta karanta. Ana kawo ƙwararre, ya yi mako biyu a otal, ya buɗe takardar wata jiha ko wata ƙasa a kwamfutarsa, ya sauya sunaye. Akwai ranar da na tsinci sunan wani kogi da ba ya jiharmu a cikin daftarinmu. Na nuna, aka goge sunan, sauran shafin ya zauna yadda yake.

Abin da ya fi damuna shi ne jimlolin ba su da mai aikatawa. Za a inganta, za a ƙarfafa, za a tabbatar. Wa zai yi? Da kuɗin wa? Ran da abin ya lalace babu wanda za a kama, don tun a nahawu an sallami kowa. Ni tattalin arziki na karanta, kuma babu wanda ya koya mini in lura da wannan. Ƙanwata mai karanta adabi ce ta duba takardar a kan tabarma ta ce, Yaya, wannan labarin ba shi da tauraro.

Dr. Bashir:
Zainab, wannan lalaci ne na aiki, ba laifin ilimin ba ne. A raba.

Zainab Planning:
Na raba, Dakta. Amma ilimin ne ya ba lalacin yaren da yake ɓuya a ciki.

Malam Lawal Katsina:
Ku ba ni dama in kawo wata mata da ta tsaya tsakanin ɓangarorin nan, don garinmu ta zauna. Polly Hill, Baturiyar Ingila, 'yar 'yar'uwar John Maynard Keynes ce, shahararren masanin tattalin arzikin Ingila, kuma tattalin arziki ta karanta a Kambirij. Ta fara da manoman koko a kudancin Gana, sannan a 1967 ta zo Ɓatagarawa, kudu da birnin Katsina kaɗan. Littafinta Rural Hausa ya fito a 1972.

Lokacin masana suna rubuta "manomin Afirka" kamar mutum ɗaya ne, kowa da 'yar gonarsa, kowa talaka daidai da ɗan'uwansa. Ita ta bi gida-gida, gona-gona. Ta tarar ƙauye ɗaya akwai mai rumbuna da ke ajiye hatsi sai bazara ta yi nisa ya sayar da tsada, akwai wanda tun kaka ya sayar da nasa da araha don biyan haraji da bashi, damina na faɗuwa ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar mai rumbun, ya sayi hatsin da tsada. Duk wanda ya tashi a karkara ya san wannan, ya san falle, ka ci dami ɗaya ka biya biyu. Amma a takardun masana babu shi. Ta kuma rubuta kan cinikin da matan kulle ke yi a cikin gida, man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, fura, hatsi a mudu, yara na kai talla. Ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Mai ƙidaya da ya tsaya a kasuwa ba zai taɓa ganinsa ba, zai rubuta cewa matan ba sa aiki.

Kakata irin waɗannan matan ce. Ba ta taɓa taka kasuwa ba, amma da kuɗin man gyaɗarta aka yi wa 'ya'yanta mata uku kayan ɗaki, kuma ita ke ranta wa kakana kuɗin taki. Ina tuna ƙamshin suyar tunkuza da asuba, da kwalaben da take jerawa a bakin ƙofa tana ƙirgawa da ƙwayar masara.

A 1986 Polly Hill ta fitar da wani littafin da ta gurfanar da ilimin tattalin arzikin raya ƙasa gaban shari'a, kan alƙaluman da ba su da tushe da kuma jimlolin da ake yi wa manoma kuɗin goro. To tambayar Sissy ce ta yi, wa ya riƙe hatsin.

Dr. Bashir:
Malam Lawal, na gode, wannan ya shige ni. Amma ka lura da abin da ta yi: ƙirgawa ta yi. Ta auna gonaki, ta lissafa rumbuna. Ba da waƙa ta kayar da masanan ba, da alƙaluman da suka fi nasu kyau ta kayar da su. Wannan shi ne abin da nake tsoro game da ɗalibanmu na adabi. Sai yaro ya koyi cewa kowane adadi labari ne, daga nan ya daina girmama adadi gaba ɗaya, ya zama ba abin da zai gamsar da shi. A 2014 da aka sake lissafin GDP na Najeriya, wato jimlar abin da ƙasa ke samarwa a shekara, aka matsar da shekarar ma'auni daga 1990 zuwa 2010, adadin ya tashi zuwa kusan dala biliyan 510, muka wuce Afirka ta Kudu. Mutane suka yi ta cewa ƙarya ce. Ba ƙarya ba ce. Tsohon lissafin ne bai san da wayar salula da finafinai yadda ya kamata ba. Sabon ya fi gaskiya, ko da yake bai ƙara wa kowa ko loma ɗaya ba. Ina so ɗalibi ya iya riƙe maganganun nan biyu a lokaci guda.

Farfesa Binta:
A nan ba mu da saɓani ko kaɗan. Tarken da ya ƙare da "duk labari ne" malalacin tarke ne, kuma ina kayar da ɗalibai a kansa. Raymond Williams, ɗan ma'aikacin jirgin ƙasa daga Wales, da ya karanta waƙoƙin da ke yabon manyan gidajen karkarar Ingila a littafinsa na 1973, bai ce gidajen babu su ba. Ya ce ku dubi girman dutsen, ku lissafa hannu nawa suka ɗauke shi, sannan ku tambayi me ya sa waƙar ba ta ambaci ko ɗaya ba. Tarke ne ya nuna gurbin, lissafi ne zai cike shi.

Kuma hanyar tana bi ta ɗaya ɓangaren. Thomas Piketty a babban littafinsa na 2013 kan jari ya jingina da marubutan ƙagaggun labarai Jane Austen da Balzac. A labaran Austen ana faɗin mutum da abin da dukiyarsa ke kawo masa a shekara, wane fam dubu 10 ne, kuma mai karatu na lokacin ya san ribar ƙasa da takardun bashin gwamnati wajen kashi 5 cikin 100 ce, nan take zai lissafa asalin dukiyar. Marubuciyar ta adana masa yadda mutane ke jin gado a jikinsu, abin da rijistar haraji ba ta adana ba.

Abdulhadi:
Gafara dai malamai, ni ƙaramin ɗalibi ne a sashen Hausa. Tambayata ga Anti Hauwa'u: me ya sa sai Ingila? Muna da waƙoƙin noma, waƙoƙin yunwa, waƙoƙin siyasa tun zamanin NEPU, muna da littattafan da matan Kano suka rubuta cike da maganar bashi da kayan ɗaki da mijin da ya karye. Sai mun je wurin Dickens kafin mu tambayi wa ya riƙe kuɗin?

Hauwa'u:
Abdulhadi ƙanena, tambayarka ta hana ni barci jiya. Amsa ta farko mai sauƙi ce, sashen Ingilishi nake. Ta biyu ita ce garin da Dickens ya ƙaga garin masaƙu ne, ya je Preston a Lancashire a farkon 1854 lokacin yajin aikin masaƙa. Masaƙun Lancashire ɗin nan su ne suka kafa ƙungiyar neman auduga a 1902, suka sa ido kan ƙasar Hausa, suna cikin masu matsa lamba a kawo dogo Kano. Dogo ya iso, manoma da fatake suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, audugar kuma masaƙanmu na gida suna biyanta da daraja. Dalar gyaɗa daga nan ta samo asali. Wato hayaƙin da ke cikin littafin nan yana da igiya da ta zo har Kano, kuma littafin bai san da mu ba. Wannan rashin sanin ma abin nazari ne.

Amma ka yi gaskiya, ba zan tsaya can ba. Yanzu ina ganin babi uku. Na farko rigimar Snow da Leavis, da adalci ga kowa, don maganar Malam Ɗanjuma ba za ta bar ni in yi wa masana'anta kallon raini ba. Na biyu Dickens da Elizabeth Gaskell, marubuciyar labarai ta zamaninsa. Na uku in ɗauki jawabi ɗaya na gida in warware shi kalma-kalma. Ina tunanin jawabin rantsuwa na Shugaba Tinubu na 29 ga Mayu 2023, inda aka ce tallafin mai ya tafi. A Turancin ma jimlar ba ta da mai aikatawa, kamar tallafin ne ya ɗauki takalmansa ya fita da kansa. Kafin mako ya ƙare lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500.

Dr. Bashir:
In za ki yi babi na ukun nan, sharaɗina ɗaya. Ki zauna ki fahimci nawa tallafin yake ci a kasafin kuɗi, su wa suka fi amfana da shi, nawa ke tsallaka iyaka. Akwai hujja mai ƙarfi ta cire shi, kuma dole ki faɗe ta da ƙarfinta kafin ki taɓa nahawun. In kin yarda, ina koyar da 'yan aji uku tattalin arzikin raya ƙasa ranar Talata da ƙarfe 10, ki zo ki zauna a baya. Za mu fara da Arthur Lewis, baƙar fata daga Saint Lucia da ya ci kyautar Nobel a 1979, wanda ya ba Nkrumah na Gana shawara suka ɓata. Za ki ji daɗinsa, yana rubutu kamar mutum.

Mushe Isufu, Maraɗi:
Malama, in kina son takardun 1994 na wajenmu don kwatantawa, ina da tsofaffin jaridu a akwati. Da faransanci suke, zan fassara miki wuraren da suka dace.

Farfesa Binta:
Hauwa'u, ki sake rubuta shafi biyu na farko, ki sa McCloskey da Williams a sakin layi na farko don kwamitin ya ga ba ke kika fara ba. Ki cire kalmar "manufofi" daga taken, ki sa sunan jawabin da za ki nazarta, abin zai fi kamuwa. Turo mini kafin Juma'a in duba.

Hauwa'u:
Na gode Mama, zan turo ranar Alhamis in sha Allah. Dakta, Talata ina nan tafe, a wane ɗaki ne? Mushe, don Allah ka fara da jaridun makon farko bayan sanarwar. Malam Lawal, ko akwai sauran tsofaffi a Ɓatagarawa da suka ga zuwan matar nan? Ina so in ji da wane suna suke kiranta.

Malam Lawal Katsina:
Zan tambaya ranar Asabar in na je gida. Akwai wani dattijo a unguwarmu da ya haura 80, shi zan fara nema.